Ko Da Kai Ko Babu Kai, Yaro Zai Fita

Ƙannena maza da mata, ku da kuka yi aure cikin 'yan shekarun nan, Allah ya ba ku yaro ɗaya ko biyu ko uku, kuna zaune a Kashin Zama ko Sabiyal ko cikin Aliero, ko kuwa Jega da Maiyama, ina son mu tsaya a kan wata magana da ake ɗauka da wasa alhali tana cikin tarbiyya tsundum. Maganar ita ce fita da iyali: yawon Sallah, ziyarar dogon hutu, kallon kokawa bayan an yi kaka, wuni a gona ko a bakin gulbi. Wasunku suna ganin wannan harkar masu kuɗin birni ce, irin waɗanda ke saka hotunansu a Facebook da TikTok suna tsaye gaban lilo a Abuja. Wasu kuma suna ganin magidancin kirki ba ya da lokacin irin wannan sakarci. A ganina duka ɓangarorin biyu ba su lura da ainihin zaɓin da ke gabansu ba. Yaro mai lafiya ba ya zama a ɗaki. Zai je bakin ruwa, zai tsallaka titi, zai kutsa cikin taro ya ga abin da ake kallo, ko an ba shi izini ko ba a ba shi ba. Abin da ya rage a hannun uwa da uba shi ne su zaɓa: su kasance tare da shi lokacin da yake ganin duniya, ko su bar shi ya gan ta a hannun yaran da ba su fi shi hankali ba.

Ku dubi yadda ranar Sallah take wucewa a mafi yawan gidajenmu. An sauko daga idi, maigida ya ci tuwo ya wuce majalisa, ba za a sake ganinsa ba sai bayan isha'i. Uwargida tana bakin murhu tun asuba, in Babbar Sallah ce kuwa tana fama da suyar nama har kwana biyu. Yara an yi musu kwalliya an sake su, yarinya 'yar shekara tara ita ce shugabar tafiya, tana goye da ƙaninta tana jan wani a hannu, suna bin gidaje karɓar barka da Sallah. Haka za su tsallaka babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Aliero da Jega da Maiyama ya nufi Koko da Yawuri, titin da tireloli da manyan motocin shanu ba su san ana Sallah ba, ga samari sun ari babura suna gwada ƙwarewa a kansa. In dogon hutun makaranta ya zo, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai ya tarar da damina ta kankama, kowane kududdufi da ramin da aka haƙa don bulo ya cika maƙil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa yana cin mutum kusan 300,000 a duniya kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Mafi yawan irin waɗannan yaran ba a wani yawon shaƙatawa na iyali suke rasuwa ba. Suna rasuwa ne kusa da gida, a daidai lokacin da kowane babba yake zaton wani ne ke kallonsu.

Wannan dalilin tsaro ne, kuma ya isa shi kaɗai. Amma akwai wanda ya fi shi nauyi a wurina, wato abin da yaro ke koya in babba ya kai shi wuri ya nuna masa. Aliero ta yi suna da albasa har ƙasashen maƙwabta, kuɗin albasa ne ke biyan kuɗin makarantar yara da yawa a wannan yanki, amma akwai ɗan ma'aikaci ko ɗan mai shago da ke cikin garin wanda bai taɓa tsugunawa ya ga yadda ake dashe ba. A kai shi fadama da sanyin safiya bayan ruwa ya ɗauke. Ya ga yadda ake cire irin daga wurin renonsa, siriri kamar tsinke, a jera shi cikin fangali, a danna gindinsa da yatsa. Ya ji ƙarar injin ban-ruwa, ya bi ruwan da ido yana gangarawa daga wannan fangali zuwa wancan, ya ga manomi yana toshe baki ɗaya da laka yana buɗe wani. In bazara ta yi a sake kai shi ya ga ana cira, ana shanya, ana jibgewa a rumfunan kara don a jira farashi ya tashi, a gaya masa me ya sa wadda ta ji rauni ke ruɓewa ta ɓata 'yan'uwanta. Yaron da ya ga wannan sau biyu ya fahimci haƙuri da lissafi da asara fiye da yadda wa'azin baki zai fahimtar da shi, kuma zai daina raina mutumin da ya gani da taɓo a ƙafa. Gani ya kori ji, kuma ganin da aka yi uba yana gefe yana bayani ya fi zama a rai.

Haka tarihi. Yaranmu suna haddace labarin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo don cin jarrabawa, kamar abin da ya faru a wata ƙasa mai nisa, alhali wani babban sashensa a ƙarƙashin ƙafafunsu ya auku. Gimbana tana wannan yanki namu, kuma harin da mayaƙan Gobir suka kai wa Malam Abdussalami da jama'arsa a can yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalamin nan, Buhari, shi ya kafa Jega, wadda kasuwarta ta bunƙasa ta zama matattarar fatake tun kafin zuwan Turawa. Gwandu kuwa, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ba ta da nisan da za a ce sai an kwana. Uban da ya ɗauki iyalinsa ya kai su can, ya ce musu wannan shi ne ƙanin Shehu, malami ne da ya rubuta littattafai masu yawa da har yau ake karantawa a zaure, ya ba su abin da za su riƙe har tsufa, kuma bai kashe abin da ya wuce kuɗin mota da na fura ba.

Argungu ta fi nisa kaɗan, sai an bi ta Birnin Kebbi, amma tafiya ce ta a je a dawo a wuni ɗaya. A can akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mai da gidan adana kayan tarihi a 1958, inda yaro zai ga masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su na kakanninsa. Bikin kamun kifin da aka san garin da shi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Mutane suna hawa jirgin sama daga ƙasashe masu nisa don su tsaya a bakin gulbin Matan Fada su ga masunta sun afka ruwa da homa da gora. Abin takaici ne a ce ɗan Maiyama ya girma ya yi gemu bai san wurin ba sai a waya.

Na san abin da za a fara ce mini: babu kuɗi. Wannan ba ƙarya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma magidancin da ke lissafin mudun gero ba za a zo masa da zancen yawon buɗe ido ba. Sai dai ku lura, tsadar da ke tsorata ku tsadar irin fitar da kuke gani a waya ce: shatar mota, sababbin kaya iri ɗaya ga kowa, abincin gidan saida abinci, tikitin wurin wasa. Fitar da nake nufi guzurinta daga gida ake dafo shi, dambu ne ko ɗanwake a kwano, zoɓo a jarka, tabarma a naɗe, in damina ce a karyo masara a gona a gasa ta nan take. Mafi yawanta ma da ƙafa ake yin ta. Tafiya mai nisa irin ta Argungu kuwa sau ɗaya a shekara ta wadatar, kuma wanda ya ware mata ɗan wani abu ranar da ya sayar da albasa ko shinkafa, ko matar da ta saka ta cikin lissafin adashinta, ba za su ji nauyinta ba. Abin da nake gargaɗinku a kansa da gaske shi ne cin bashi don a yi hoto. Gidan da ya ci bashin anko da na kayan Sallah don kada a raina shi, sannan maigida ya kwashe wata biyu yana ɓuya wa mai bin bashi yana huce haushi a kan yara, ya sayi baƙin ciki da kuɗin da ba nasa ba. Yaro ɗan shekara biyar bai san farashin shadda ba, amma ya san ranar da babansa ya ɗora shi a wuya don ya hango dawaki.

Ƙorafi na biyu ba a cika furta shi ba, amma ya fi na kuɗi ƙarfi, shi ne kunya. Saurayin da ya fito da matarsa da 'ya'yansa yana tsoron abokai su kira shi mijin-ta-ce, kuma a wasu gidajen fitar mace in ba asibiti ko biki ko gaisuwar mutuwa ba ana ganinta zubar da mutunci. Ba na raina kunya, ita ce ta riƙe gidajenmu. Amma a tambayi malamai: an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Wanda ya fi kowa kunya da kamala bai ga wannan ya rage masa komai ba. Mace cikin hijabinta, tare da mijinta, za ta gaida kakar yara a Andarai ko ta zauna a inuwar mangwaro a gonarsu, ban ga dokar addini ko ta al'ada da ta karya ba. Kuma in za a yi adalci, ita ce ta fi kowa buƙatar wannan fita, domin ita ce Sallah ke zo wa da aiki, hutun makaranta ya zo mata da hayaniya. Mai mata biyu ya kula, kada fita ta zama abin da ake yi wa ɗaki ɗaya, don yara suna ƙirga irin wannan kuma ba sa mantawa. 'Ya'ya mata ma kada a bar su gida da wanke-wanke a tafi da maza kaɗai. Shekarun da yarinya za ta bi babanta gona tana tambayarsa sunan tsuntsaye kaɗan ne.

Manomi zai ce dogon hutu lokacin aiki ne, noma da maimai ba sa jiran kowa. Gaskiyarsa. Tsarin hutun makarantun boko ya dace da ƙasashen da watannin Yuli da Agusta ne lokacin hutawarsu, mu kuwa lokacin ne gumi ke zuba. Don haka kada ku tilasta wa kanku kalandar wasu. A damina gona ita ce wurin fitar, yaro ya taya da abin da ƙarfinsa zai iya, a bar shi kuma ya yi wasa. Tafiye-tafiye a bar su sai an yi kaka, hatsi ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, sanyi ya sauko, lokacin da ake kokawa da dambe da bukukuwan aure. Sallah kuwa tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan Ƙarama tana faɗowa cikin Maris, Babba a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wato tsakiyar zafin da ke haura digiri 40. Mai jariri ya fita da sassafe ko bayan la'asar, ya riƙe ruwa fiye da yadda yake zaton za a sha.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan yi mata gaggawa ba domin tsoron mutane yana da tushe. Jiharmu ta Kebbi ta ga sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ta ga kashe-kashen Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Wanda ya ce ba zai ɗauki iyalinsa ya bi hanyar da bai amince da ita ba, ya yi daidai, kuma kada kowa ya zuga shi. A tambayi direbobin tasha kafin a tashi, su ne suka fi kowa sanin halin da hanya ke ciki. A tafi da rana a dawo da rana, a sanar da wani ɗan'uwa inda aka nufa, kuma in zuciya ba ta kwanta ba a fasa, ko da an riga an dafa guzuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsoron wata hanya mai nisa ya zama hujjar da za a daina kai yara gidan goggonsu da ke ƙauye na gaba. Zumunta a ƙafa take, kuma a zamanin da jama'a ke zargin juna, yaron da ya san danginsa na gari uku ko huɗu, suka san shi, ya fi wanda bai san kowa ba kariya.

Fita da iyali tana da nata haɗarin, kuma tunda na ce ku fita, wajibi ne in faɗe shi. Na farko babur: miji a gaba, yaro a kan tanki, biyu a tsakiya, mata a baya da goyo, zani yana lilo kusa da ƙafar babur. Mun saba ganinsa har ya daina ba mu tsoro, amma rami ɗaya ko akuya ɗaya ta isa ta kwantar da gida guda a hannun masu ɗorin Aliero, in ma an yi sa'a ke nan. A yi sawu biyu, ko a hau mota. Na biyu ruwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nufi kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a tsakiyar kogin Kwara saboda lodin da ya fi ƙarfinsa, 'yan kaɗan ne suka tsira. Gulbin Zamfara da ke wucewa ta Jega bai kai Kwara girma ba, amma in ya cika a watan Agusta ba ya wasa. Kwale-kwalen da ka ga bakinsa ya kusa taɓa ruwa, ka sauke iyalinka ka jira na gaba, ko da mai jirgin zai ji haushi, kuma inda akwai rigar kariya a saka wa yara ita tukuna. A bakin ruwa kuma a ambaci sunan mutum ɗaya a ce kai ne mai kallon yara yanzu, don in an ce kowa ya kula, babu wanda zai kula. Ruwan kududdufi da ba ya gudu yana ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata ta sa yaro fitsarin jini, kuma maganinta na asibiti ne, ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. In za a kwana a gidan dangi cikin damina a tafi da gidan sauro, kuma kada tafiya ta sa ƙananan yara su tsallake maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa wata-wata.

Akwai kuma uban da ya fito da iyali amma bai fito ba, domin tun da aka shimfiɗa tabarma idonsa na kan waya. Duk hujjar da na kawo ta rushe a kansa, tunda amfanin fitar shi ne hankalin babba ya kasance a kan yaro, ya amsa tambayarsa ko da ta goma ce, ya ce masa wannan aduwa ce wannan kanya, ya bar shi ya yi langa da 'yan'uwansa har ya faɗi ya tashi. A ɗauki hoto ɗaya ko biyu don tarihi, a mai da wayar aljihu. Ba kowane hoton yaro ne kuma ya kamata ya hau intanet ba, musamman wanda ke nuna makarantarsa ko ƙofar gidansu, don ba ka san wanda ke kallo ba.

Wanda ya yi niyyar Argungu, shawarata ya fara zuwa a ranar da ba biki, ya shiga gidan tarihi a natse, ya kai yara bakin Matan Fada su ga wurin babu turmutsitsi. In shekarar biki ta zo kuma yaran sun ɗan tasa, ranar wasannin kabanci, da tseren kwale-kwale da kamun agwagwa da nutso, ta fi dacewa da su a kan ranar babban su, wadda cunkosonta ke wahalar da manya ma. A rubuta sunan uba da lambar wayarsa a takarda a saka wa kowane yaro a aljihu, a nuna musu wata bishiya ko rumfa a ce duk wanda ya ɓace ya tsaya nan, kuma a kama hanyar gida tun la'asar ba ta yi sanyi ba.